Ƙyauren da muka kai Illela

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, da sabon ƙyauren ƙarfe ɗaure a saman mota, kwaɗonsa kuma a aljihuna. Ƙungiyarmu ta sa-kai ce, ta masu jin zafin rushewar tsofaffin gine-gine a jihar nan. Yawancinmu 'yan fansho ne, saboda haka mun san yadda ake ji idan aka jingine ka ana jiran ka faɗi. Mun yi yaɓe a tsofaffin masallatai, mun tokare soraye a garuruwa da dama. Wannan karon wani zauren fatake muka nufa a Illela, wanda aka ce magada na son rushewa su gina shaguna. A taronmu aka yanke cewa matakin farko shi ne a kulle shi, kada awaki da masu wucewa su ƙarasa shi.

Ni na fi kowa nacewa a kan tafiyar, domin na san zauren. Ina yaro mahaifina ya je aikin gwamnati Illela da ni, aka sauke mu a can. Har yau idan na ji ƙanshin hayaƙin kara ya haɗu da na dabino, rufin nan nake gani, baƙi ƙirin, da mutane zaune a ƙarƙashinsa suna hira da harsunan da ban sani ba, suna miƙo mini abin da ke cikin ƙwaryarsu.

Kaka ta yi, hanya ta yi kyau a ido. Daga Kware zuwa Gwadabawa dammunan gero ne jere a gonaki, jakuna na ta jigila. Ramukan titi kuwa suna nan inda muka bar su, sun dai ƙara ƙiba. A Gwadabawa muka tsaya karin kumallo. Masa ta koma kamar maɓallin riga, kuɗinta ne kawai ya ci gaba da girma. Mai masar ta ɗaga kai ta dubi saman motarmu, ta tambaya ko gidan ne ya riga mu yin gaba.

Mun shiga Illela da hantsi, ranar kasuwa. 'Yan kabu-kabu na kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi shawara. 'Yan canji na zaune ƙarƙashin laima suna kiran sefa, ga burodin Ƙonni dogo kamar sandar makiyayi. Da ƙyar na gane unguwar. Zauren na nan matse tsakanin shagon waya da wani sito na bulo, ya yi ƙanƙanta fiye da wanda na ajiye a kaina. Amma da na sunkuya na shiga, sanyin nan na ginin ƙasa ya tare ni yadda na san shi. Azara ta sha hayaƙi, dakalin da na kwana a kai yana gefen dama. Na tsaya ina ta kallo, abokan tafiya suka ɗauka tsagar bango nake dubawa.

Babban ɗan gidan, wani Alhaji mai fatauci tsakanin nan da Ƙonni, shi ya tarbe mu. An ce mana shi ke son shagunan, don haka muka zo da dogon jawabi. Bai bari mun fara ba. Yana ganin ƙyauren fuskarsa ta washe.

"Kun yi tunani, Malam," in ji shi. "Wanga aikin masu ilimi na. A kafa shi yanzu, ga magini nan kusa."

Da kansa ya kama kwance igiya. Na yi shekaru ina koyarwa, na san ɗalibin da ya cika saurin yarda akwai abin da yake ɓoyewa, amma daɗin yabo ya rufe mini ido.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta fito daga cikin gida, tsohuwa mai dogara sanda, kowa Inna yake ce mata. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta dubi ƙyauren, ta dubi ɗanta.

"Mi kunka ɗauko muna haka?"

Na ce, "Ƙyaure ne, Inna, don a tsare zauren."

"Shi wanga bai faɗa muku ba?" Alhaji ya shiga duba wayarsa, ita kuwa ta ci gaba. "Ubansa ya bar wasiyya. Muddin baƙo na kwana cikin zauren ga, ba a taɓa shi. Ran da ya kwana wofi, magada su yi yadda sunka so. Ku kulle shi yau, gobe da safe a kawo diga."

Alhaji ya yi dariya. "Inna, ni ban aika a kira su ba. Da ƙafarsu sunka zo."

"Da ƙafarsu za su koma, su da kayansu."

Duk da haka ta sa aka dama mana fura mai kauri da nonon Fulani, muka sha a cikin zauren. Nan ta ba mu labari. Tun da aka gina shi ba a taɓa sa masa ƙyaure ba, domin wanda dare ya riska kada ya tsaya neman izini. A da sai an yi matsi. Yanzu mota ta gajarta hanya, ga masaukai na kuɗi. Sai dai makiyayin da ya sayar da bijiminsa a makare, ko mai kai majinyaci Sakkwato.

"In magariba ta yi ban ga kowa ba, tasha nika zuwa in nemo," in ji ta. Ta shafa gwiwarta. "Ita ko ta fara ƙi."

Da Alhaji ya raka mu mota, ya rage murya. "Malam, ni ban saɓa ma tsoho. Amma ban zuwa tasha neman baƙo. Gidan ga baki ya yi yawa." Ban ga laifinsa ba, kuma hakan ya fi komai damuna.

La'asar ta yi, ba wanda ya sauke kaya a zauren. Babba a cikinmu, wanda tun daga Kware yake kukan ciwon baya, ya cire takalmi ya nemi tabarma, ya ce mu gaida gida. Na so a ce ni ne, amma maganin hawan jinina na Sakkwato. Muka mayar da ƙyauren saman mota. Wannan karon Alhaji bai kama mana ba.

Mun iso gida lafiya bayan magariba. Abin da na koyo kaɗan ne, amma ya tsaya mini a rai: mun saba auna bango da rufi, ba mu saba tambayar abin da ke riƙe da gini a tsaye ba. A taro na gaba muka amince mu riƙa zuwa kwana bi da bi, sai dai mu 'yan kaɗan ne, darare kuwa da yawa. Nawa juyin bai zo ba tukuna. Kafin ya zo, duk lokacin da aka kira magariba a unguwarmu, sai in tsaya da buta a hannu ina tunanin ko wani ya sauke kaya a Illela, ko kuwa Inna ta ɗauki sanda.