Ranar da Yaya Mai Aski Ya Kai Ƙara

Yayana mai aski ne. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da burodi. Kujerun aski biyu ne a ciki, ɗaya ta daina juyawa tun ina makaranta, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jiran layi da waɗanda hira kawai ta kawo su. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, kuma mai facin ya rantse bai taɓa jiyo muryarsa ta bango ba.

Ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Mahaifiyarmu takan ce ranar da aka yi rabon faɗa a gidanmu yana barci, ni na karɓi nawa na haɗa da nasa. An taɓa kawo masa shayi an zuba gishiri a madadin sukari, ya shanye tas, sannan ya ce wa mai shayin, "Yau hannunka ya ɗan canza." 'Yan benci suna kiransa Sannu-da-Aiki, don da ita yake buɗe kowace magana, har da ɓarawon da ya tarar yana kwance masa ƙwan fitilar ƙofar shago.

'Ya'yansa huɗu, kuma Auta ce ke juya shi. Lokacin tana da shekara huɗu, baki kamar rediyo. Sai ga amai da gudawa sun kwantar da ita, kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinta. Aka ba ta gado a ɗakin yara na babban asibiti, gado na tara, aka ɗaura mata ƙarin ruwa a bayan hannun hagu. Matar Yaya ce ta kwana da ita. Da safe ta koma gida ta ga sauran yaran, Yaya ya rufe shago ya karɓe ta.

Likita ya zagayo da ƙarfe tara. Ya ce a riƙa duba hannun akai-akai, sannan akwai allurar da za a yi mata da sha biyu. Yaya ya sayo allurar, ya ajiye kwalbar a leda kan 'yar durowar gefen gado.

Nas biyu ne a ɗakin ranar, gadaje sun kai talatin. Gajeruwar tana ta kai-kawo kamar mazari, gumi har ya jiƙa mata wuyan riga. Doguwar, wadda layin su Auta ke hannunta, tana zaune a tebur da waya, tana nuna wa wata hotunan takalman da take sayarwa.

Wajen sha ɗaya Auta ta fara cewa hannunta na cizonta. Yaya ya duba ya ga bayan hannun ya ɗan tasa. Ya je teburin, ya tsaya har ta gama ciniki.

"Sannu da aiki, Sista. Hannun yarinyar gado na tara kamar ya ɗan kumbura."

"Ina zuwa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Bayan rabin awa ya koma.

"Malam, ka fi ni sanin aikina ne? Yara haka suke, raki ne."

Ya ba ta haƙuri ya dawo.

Sha biyu ta gota na iso da kwanon abinci. Hannun Auta ya zama kamar an hura balan-balan, fatar tana ƙyalli, 'yan yatsun sun yi suntum. Na dire kwanon na fara ɗaure gyale a ƙugu. Yaya ya san wannan alamar tun muna yara. Nan take ya zaro wata takarda ya ce in yi maza in karɓo sakamakon gwajin jini a can ƙarshen asibiti, likita na jira. Daga baya na gano ba likitan da ke jira, korata ya yi da dabara.

Abin da ya faru bayan fitata, tsohuwar da ke jinyar jikanta a gado na goma ce ta ba ni labari. Ya koma teburin a karo na uku. Doguwar ta taso tana tsaki, ta ɗalli robar ƙarin ruwan da yatsa, ta ƙara buɗe ruwan, ta ja katin da ke ƙafar gado ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta koma. Hannun ko kallo bai samu ba. Auta ta fasa ƙara. Yaya ya ɗauki katin, ya ga an rubuta an yi allurar sha biyu. Ya kalli durowa, ga kwalba nan a ledarta ko buɗe ta ba a yi ba.

Ya murɗa ɗan abin da ke jikin robar yadda ya ga ana yi, ruwan ya tsaya. Ya ɗauki hoton hannun da na katin a wayarsa, ya jefa kwalbar a aljihu.

Tsohuwar ta ce masa, "Ɗana, ka bi a hankali. In ka kai ƙara suka tsane ka, yarinyarka ce za ta sha wuya."

"Wuyar ai tana sha, Iya," in ji shi.

Ya nemi gajeruwar, aka ce ta raka wani yaro ɗakin tiyata. Sai ya tambayi mai shara inda ofishin babbar nas yake.

Ina dawowa na yi kiciɓis da shi a baranda. Ya saɓa Auta a kafaɗar dama, ya ɗauki dogon ƙarfen ƙarin ruwan da hannun hagu don tayoyinsa sun mutu, leda na lilo a sama, shi kuma yana tafe yana gaida duk wanda ya gamu da shi. Doguwar na biye tana cewa ba a fita da mara lafiya. Ya waiwaya ya ce mata, "Yanzu za mu dawo, Sista."

Babbar nas dattijuwa ce mai jiki, da tabarau a kan hanci. Yaya ya yi sallama, ya jingine ƙarfen, ya gaishe ta, har ya tambayi iyali.

"Ba faɗa na zo yi ba, Hajiya. Hannun nan nake so wani ya duba mini."

Ta duba. Ta sa safar hannu, ta ɓare filastar, ta zare allurar ƙarin ruwan da kanta. Ta ce allurar ta goce daga jijiya, ruwan ƙarƙashin fata yake taruwa. Ta aika a kira likita, ta sa aka ɗora hannun kan filo, sannan ta juyo.

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata, da lokacin da ya je na farko, da na biyu, da na uku. Ya nuna hoton katin, ya zaro kwalbar ya ajiye a teburinta.

Doguwar ta ce, "Mutumin nan tun safe yake damuna."

Na buɗe baki, Yaya ya taka mini ƙafa.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Sau uku na dame ta."

Babbar nas ta sallame ta, ta ce ta jira a waje. Ta miƙa wa Yaya takarda da biro ta ce ya rubuta duk abin da ya faɗa. A nan ne jarumin namu ya fara ja da baya. Ya ce shi dai tunda an duba hannun shi ke nan, ba ya so ya zama sanadin abincin wani.

"Malam, magana iska ce," in ji ta. "Takarda nake iya kaiwa sama. Kai ne na uku da ya kawo mini kukanta, biyun farko duk suka ce sun bar wa Allah. Da sun rubuta, da hannun 'yarka bai kai haka ba."

Ya daɗe yana kallon Auta, wadda ta yi lamo tana ajiyar zuciya. Sannan ya ja kujera. Rabin shafin farko gaisuwa ce da fatan alheri, amma sauran ba abin da ya rage. Da muka koma ɗaki, tsohuwar da ta ce a bi a hankali ta yafito ni, ta ce in rubuta mata nata, jikanta ma jiya an tsallake masa magani.

Aka sa wa Auta sabuwar allura a hannun dama, aka yi mata wadda aka tsallake. Hannun hagun ya yi ƙurji, ya sace cikin kwana huɗu, ya bar tabo kamar ƙwayar wake. Ba a kori doguwar ba. An ɗauke ta daga ɗakin yara, aka ce sai ta sake wani horo, aka kawo wa gajeruwar mataimaka biyu. Ranar da za a sallame mu doguwar ta zo ta tsaya daga nesa ta ce a yi haƙuri da abin da ya faru. Yaya ya ce ya wuce. Ni dai bango na kalla.

Matarsa ta yi kwana uku ba ta yarda da labarin ba, sai da tsohuwar ta rantse mata. A unguwa kuwa labarin ya yi ƙiba, har akwai masu cewa gadon ya ɗauka ɗungurungum. Tun daga lokacin, duk wanda aka kwantar wa da yaro sai ya biyo ta wajensa neman shawara, shi kuma ya ce su tambayi sunan maganin da lokacinsa tun gaban likita, kuma in sun yi magana ba a ji ba, su nemi wanda ke sama, da ladabi.

A motar da ta kawo mu gida, Auta na barci a cinyarsa, na tambaye shi ina ya samo wannan zuciyar.

"Wace zuciya?" ya ce. "Tsoro fal cikina, ƙarfen nan ne ya tokare ni. Kuma kafin ki gan ni, ɗakin haihuwa na fara faɗawa, mata suka koro ni da ihu. Kada ki gaya wa kowa."

Na ce masa ba zan faɗa ba. Kafin la'asar matarsa ta ji.