Robobin Baba Gwaji

Shekara talatin da biyu Baba Gwaji ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, yana karɓar abin da mutane ke miƙo masa a kunyace cikin 'yan robobi masu jan murfi. Fitsari, majina, da wanda ba a ambata a gaban abinci. Ya yi ritaya da tabarau da ciwon baya da wata ɗabi'a guda: bai san "ɗan kaɗan" ba, komai sai ya ga layinsa.

Matarsa kuwa da hannu take awo. Ta damƙi gishiri ta watsa, ta tsiyaya mai tana hira, miya ta fito yadda ta saba. Da ciwo ya ci ƙarfinta, sai ya riƙa zaunar da ita a kicin, duk abin da ta ɗiba ya tara mata roba ta zuba, ya ja layi da alƙalami. Roba uku: gishiri, barkono, mai. Tun da ta rasu, girkin da aka auna da su kaɗai ke wuce masa maƙogwaro.

Autarsa, wadda ke ɗinki a wani gari, ba ta san wannan ba. Ta zo ta yi masa mako guda, ta shiga kicin ta tarar da shi ya ɗaga roba saitin ido, yana tsiyaya mai a hankali. Mai kuwa rawaya ne. Robar mai jan murfi ce. Irinta ta taɓa riƙewa a layin awon ciki, da ɗuminta a tafin hannu.

"Baba, wannan ba robar fitsari ba ce?"

"Sababbi ne, Auta. A ledarsu na kawo su. Babu wanda ya taɓa..."

"Don Allah kar ka ƙarasa."

Ranar ko loma ba ta kai baki ba. Duk inda ta juya warin asibiti take ji, alhali babu warin komai sai na albasa. Wai a ce mutum da hankalinsa, da furfurarsa, ya rasa abin awo duk faɗin kasuwa sai wannan ƙazanta. Washegari da ya fita aski ta naɗe hannu da leda, ta tattara robobin ta kai bolar bakin titi, ta wanke kantar da suke kai sau uku, ta jera masa cokulan awo masu ƙyalli.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi kantar ya ce, "Hannun mamarki ne a jikinsu." Ya gaya mata yadda aka yi, ya koma ɗaki.

Ta yi girki, ya yi cokali biyu ya ce Allah ya yi albarka. Ya gwada da kansa da sababbin cokula, ya ɗanɗana, ya rufe tukunya. Kwana biyu shayi kawai yake kurɓa. A rana ta uku ya miƙe daga kujera jiri ya kwashe shi, sai da ya dafa bango.

Ta zari gyale ta fita. Motar shara ba ta zo ba, bolar ta cika ta tumbatsa, rana ta dafa ta. Ƙudaje suka tashi suka sauka a fuskarta. Ta tura hannu cikin ruɓaɓɓen tumatir, da hanjin kifi, da ƙunzugun jarirai da ya kumbura, tsutsotsi na bin yatsunta. Sau biyu tana komawa gefe ta yi amai, wani mai facin taya na kallonta. Ta samo ta gishiri. Ta samo ta mai. Ta barkono sai da ta kai har gwiwar hannu.

Da ta kawo su gida, Baba ne ya wanke su, irin wankin da ya yi shekara talatin da biyu yana yi, ya tafasa, ya shanya. Layukan suna nan. Ya ɗaga robar saitin ido ya tsiyaya mai, ta kau da kai.

Ya zuba faranti biyu, ya tura mata ɗaya, ya ajiye cokalinsa yana jira ta fara. Ta rintse ido ta kai baki.

Girkin Mama ne, ko ƙwayar gishiri bai ɓata ba.