Rumfar da Baba Isiyaku Ya Yi wa Na'urarmu

Duk shekarun da na yi ina kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen fiziks, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, wato ranar da Dakta Lawan ya tura ni Gwaram.

Muna da ɗaliba a ƙarƙashinsa mai suna Binta, 'yar digiri na biyu, tana binciken ƙarfin hasken rana a kudancin Jigawa. A irin wannan aiki, na'ura ake kafawa a fili, mai ƙoƙon gilashi a kanta, ita ke auna hasken tana adanawa da kanta. Binta ta kafa ɗaya a Birnin Kudu, ɗaya a wani ƙauye bayan Gwaram, ta bar su duk bazara, lokacin da sama ke fayau. Ƙa'idar sashenmu kuwa, ɗalibin da aka kama da ha'inci a bincike, makomarsa kora ce.

Ta Birnin Kudu ta ba da abin da ake tsammani. Ta Gwaram kuwa, kullum da hantsi sai hasken ya faɗi, ba ya dawowa sai bayan la'asar.

"Rana ba ta ƙailula," in ji Dakta. "Ina zargin yarinyar nan ba ta je ko'ina ba, gindin bishiyar gidansu ta ajiye ta. Je ka gano mini."

Muka kama hanya ni da Binta, mota zuwa Gwaram, daga nan babur. Muka isa gab da azahar. Na'ura dai tana nan tsakiyar gona inda Binta ta ce. Sai dai an kafa mata dirkoki, an ɗora sabuwar zana, ta samu inuwa mai kyau wadda ni kaina na yi sha'awar zama a ciki.

Mai gonar, wani dattijo Baba Isiyaku, ya fito da fara'a ya kawo mana ruwa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wa ya yi rumfar nan?"

"Ni mana. 'Yar nan ta ce kayan gwamnati ne mai tsada, amana ta bar mini. Malam, ko jakina ba na bari cikin wannan rana, balle gilashi. Hantsi na yi nake ɗora zanar, in rana ta yi sanyi in sauke. Ko ranar kasuwa ban taɓa fashi ba."

Binta ta zauna a ƙasa. Ni kuma na yi masa bayani a hankali cewa ranar ita ce abincin na'urar, dominta aka kawo ta. Ya tashi ya sauke zanar da hannunsa.

"Wato duk hidimar nan ɓarna nake yi mata?" Ya dubi Binta. "'Yata, ki yafe ni." Gaskiya ya ba ni tausayi fiye da ita.

Na kai rahoto, aka wanke Binta daga zargi. Amma damina ta riga ta shigo, kuma bazara ba a ƙirƙiro ta a ɗakin gwaji. Abokan karatunta suka gama suka tafi, ita ta jira wata shekara.

Abin da na ɗauka shi ne, mu 'yan jami'a muna ɓata lokaci muna bayyana bincike ga kwamiti, amma wanda za a bar wa kayan sai a ce masa "a kula da shi" kawai. Mutanenmu kuwa ba sa wasa da amana, za su kula da shi iyakar yadda suka san kula. Shi ya sa yanzu ba a kafa na'ura sai an zauna kan tabarma an yi wa mai wuri bayani.

Da bazara ta zagayo, gonar Baba Isiyaku Binta ta sake zaɓa. Na je dubawa, ina sunkuyawa kan na'urar sai na ji tsawar Baba Isiyaku daga bakin gona.

"Malam, matsa can! Inuwarka!"