Mijinyawa Mai Hoto da Jan Bijimin Baba Alu

Mijinyawa ɗan Dogon Dutsi ne. Ya zo Yamai da keken ɗinki, amma ɗinki bai karɓe shi ba, don wandon da duk ya ɗinka sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya musanya keken da kyamara, ya zama mai hoton unguwar Bukoki. Suna, biki, hoton 'yan lakkol, wato 'yan makaranta, duk shi ake kira.

A shekarar 2010, lokacin da sojoji ke mulki kuma fari ya cinye dabbobi, ƙanen mahaifinsa, Baba Alu, ya sauka gidansa daga shi sai sanda. Shanunsa goma sha bakwai sun mutu. Kwana uku tsohon bai cika magana ba. Ran na huɗu ya ce, "Ɗana, hoton da ka yi wa jan bijimina da ka zo gida bara, yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Da Mijinyawa ya kunna kyamara, sai ta ce katin ajiyar hotuna ya lalace. Ya ciro shi, ya hura masa iska, ya goga a riga. A banza.

Da safe suka tafi unguwar Lazare, wurin Halimatou, wata mai siber, shagon intanet, da ake cewa ta san kan ordinater, wato kwamfuta.

"Malam, ka ƙara ɗaukar wani hoto a kansa?" in ji ta.

"Wallahi ko ɗaya."

"To da sauran rai. Hotunan suna ciki, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace."

Ta saka katin, ta sa ordinater ta shiga lalube. Sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa, sau biyu tana sake farawa. Sai bayan la'asar hotuna suka soma fitowa, har da waɗanda Mijinyawa ya goge da hannunsa tun tuni. Ga shi nan bisa gadar Kennedy cikin kwat ɗin aro, hannu a haɓa, yana hangen kogi kamar minista. Ba ɗaya ba, goma sha ɗaya.

"Madam, wuce! Don Allah wuce!"

Baba Alu ya yi ta dariya har rawaninsa ya zame, Halimatou kuwa da gangan take wucewa a hankali.

Can sai ga jan bijimin ya cika allo, tozo a miƙe, ƙaho kamar an goge da mai. Tsohon ya daina dariya. Ya matso, ya ɗora yatsa, ya shiga kiran shanun da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da na uwarta.

"Kin gan shi, 'yata? Har daga Filinge an zo kallonsa."

Mijinyawa ya wanko masa hoton babba. Da damina ta sauka, Baba Alu ya sa shi tsakanin kwali biyu, ya ɗaure da igiya, ya hau motar gida don shuka.