Kwamfutoci Goma da Manhajata Mai Shafi Arba'in

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin malami a wata firamare a Tambuwal, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ta kawo mana kyautar kwamfutoci goma, irin waɗanda ake ninkewa a sa a jaka. Ba sababbi ba ne, amma suna aiki. Sai dai kyautar da sharaɗi ta zo. Sun ce ba su yarda a kulle su a ofishin hedimasta har su lalace a banza ba. Suna so a rubuta tsarin abin da za a koya wa kowane aji, daga ɗaya zuwa shida, kuma a ƙarshen zango wani jami'in duba makarantu zai zo ya ga yadda ake amfani da su. In bai gamsu ba, a kwashe su a kai wa wata sakandare.

Hedimasta ya kira ni ofis ya ɗora mini aikin, don a duk makarantar ni kaɗai ne na yi darasin kwamfuta a kwaleji. Abin da bai sani ba, mu ma a kwalejin yawancin darasin a allo muka yi shi. Ban faɗa masa ba. Na gyara tsayuwa na ce ya kwantar da hankalinsa, mako biyu ya ishe ni. A lokacin ina jin kaina sosai, har wani ɗan littafi nake yawo da shi a aljihun gaba don a san akwai aiki a kaina.

Na zauna na rubuta manhajar, wato tsarin karatun, da Turanci, shafi arba'in cif. Aji ɗaya za su haddace ma'anar kwamfuta da sunayen sassanta. Aji biyu tarihin ƙirƙirarta. Aji uku nau'o'inta. Haka na yi ta hawa har aji shida, inda na rubuta cewa yaro zai iya tsara shirin kwamfuta da kansa, abin da ni ma mai rubutun ban taɓa yi ba. Na kai aka buga, aka yi mata bango mai sheƙi. Hedimasta ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a hannu, ya sa mini albarka.

Ina da wani abokina da muka gama kwaleji tare, yana koyarwa a wata firamare ta wajen Kebbe. Da na ba shi labari a waya, sai ya ce shi ma yana koyar da darasin kwamfuta a aji biyar, ko da yake makarantarsu ba ta da ko ɗaya, kuma littafin da yake bi kusan irin abin da na tsara ne. Ya ce in zo in gwada manhajata a kan yaransa kafin in fara a wurinmu. Ni kuwa na amsa da sauri, amma ba don gwajin ba. So nake ya ga bangon nan mai sheƙi.

Na nemi izini na ɗauki kwamfuta ɗaya, na naɗe ta a zanen mahaifiyata na ɗaure a bayan babur. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a yin sauri a kanta. Duk ramin da na faɗa sai na kai hannu baya na taɓa ƙullin, in ji ko yana nan.

Yaran abokina sun burge ni da farko. Ya tambaye su mece ce kwamfuta, suka amsa da Turanci baki ɗaya, da rauji, ba kuskure ko ɗaya. Akwai wata yarinya a layin gaba da ta fi kowa, ta jero sassan kwamfuta tun daga farko har ƙarshe ba ta tsaya shan numfashi ba. Na kwance zanen, na buɗe kwamfutar a kan tebur, na ce ta zo ta kunna.

Ta zo ta tsaya. Sai ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe. Na nuna mata inda za ta danna, ta girgiza kai. Na yi lallashi, abokina ya yi, har ya fara ɗaga murya na hana shi. Can sai ta ce, a hankali, idonta a ƙasa:

"Malam, tsoro nika ji. In ta ɓaci a hannuna fa?"

Na tambayi ajin ko akwai mai zuwa ya nuna mini wanne ne allon madannai, wanda yanzun nan suka faɗi sunansa da Turanci. Ba wanda ya ɗaga hannu. Zango biyu suna rera sunan abin, ga shi a gabansu ba su gane shi ba.

Da muka fito, abokina bai yi mini dariya ba, ko da yake na cancanta. Cewa ya yi shi dai abin da ya samu a littafi yake koyarwa, don ba shi da zaɓi, amma ni da nake da guda goma a hannu, in na bi wannan hanyar ba ni da uzuri. Na hau babur na kamo hanyar gida. Na fahimci in na bi takarduna, yaranmu za su shekara uku suna haddar suna kafin su taɓa komai, kuma ranar da jami'in nan zai ce wani ya kunna, abin da na gani a Kebbe shi zai gani. Ga shi zango ya riga ya fara tafiya.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na bi malaman azuzuwa ɗaya bayan ɗaya ina tambayar abin da yaransu suka iya. Na fara da malamar aji ɗaya da biyu, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, wadda duk muke kira Inna. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Na karanta mata abin da na tsara wa ajinta, ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Ɗana, shekara ashirin da fuɗu ke nan nika fama da aji ɗaya. Wasu ko fensir ba su iya riƙo ba tukuna. Bar Turancin nan, gaya man da Hausa, mi abin ga ka yi?"

Na rufe manhajar na yi tunani. Daga ƙarshe na ce mata abu ne da ke bin umarni, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda aka faɗa masa, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Sai ta ce in dai wannan ne, ai tana iya koyar da shi ko babu na'urar. Yaranta sun san in za a yi alwala akwai abin da ake farawa da shi da abin da ke biye, sun san ba a dama kunu kafin ruwa ya tafasa. Daga nan za ta kama.

Haka muka sake tsarin gaba ɗaya, ni da malaman, a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ofis, kullum bayan an tashi. Aji ɗaya da biyu wasan bin umarni da jera abubuwa bi da bi, sannan kowane yaro ya taɓa kwamfuta da hannunsa, ya kunna ya kashe, har tsoron ya fita. Aji uku muka zana musu allon madannai a kan kwalaye, kowa da nasa, su saba da mazaunin haruffa kafin layi ya zo kansu. A nan ne ma wata yarinya ta tsayar da ni, ta ce ta duba ko'ina ba ta ga harafi mai lanƙwasa da ke cikin sunanta ba. Kwana biyu na yi ina bincike kafin na gano yadda ake fito da shi, kuma dole na ƙara shi a manhaja. Aji huɗu su rubuta gajerun jimloli da Hausa, su adana, su nemo washegari. Aji biyar su yi jadawali, muka zaɓi ranakun da aka yi ruwa a kowane mako tunda damina ta kama. Aji shida kuwa malaminsu ne ya nace a sa musu darasin waya, don yawancinsu su ke karanta wa iyayensu saƙo, gara su san na 'yan damfara in sun gan shi. Ban so ba da farko, ina ganin wannan ba darasin kwamfuta ba ne. Ya fi ni gaskiya.

Sai maganar wuta. Makarantar ba ta da lantarki. Wani maƙwabcinmu mai sola ya yarda mu riƙa kai masa kwamfutocin yana yi mana caji, kuma batir ɗin ba ya wuce awa biyu. Saboda haka jadawalin darussan ma a kan batir muka gina shi, manyan azuzuwa da safe, ƙanana su sami abin da ya rage. Da na haɗa komai, shafi shida ya tashi, kowane aji shafi ɗaya. Na kai wa hedimasta ina jin kunya. Ya kalli siririyar takardar, ya kalle ni, ya tambaya ko sauran na tafe. Na ce ke nan.

Ana saura kwana biyu jami'in ya zo, hadari ya rufe gari. Ruwa ake yi ana ɗaukewa, rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Ranar da zai zo na je wurin mai sola da sassafe, ya ba ni haƙuri, ya ce guda ɗaya ce kawai ta sami ɗan caji, ita ma ba za ta daɗe ba. Na dawo da su makaranta ina jin kamar in wuce gida. Na ba hedimasta shawarar mu roƙi a ɗaga ranar, ya ce mutumin ya riga ya taso.

Ya iso wajen ƙarfe goma, wandonsa duk taɓo, fuskarsa ba walwala. Hedimasta ya fara yi masa bayanin hadari, ya katse shi ya ce shi aji ya zo gani. Inna ce ta leƙo daga ajinta ta ce, "Ranka shi daɗe, bismilla, mu yanzu muka darasinmu na kwamfuta."

Muka shiga aji biyu, babu kwamfuta ko ɗaya a ciki. Wasan nasu shi ne a tsayar da mutum ɗaya a matsayin na'ura, sauran su ba shi umarni har ya isa ƙofa, kuma ba ya yin komai sai abin da aka ce. Inna ta dubi jami'in ta tambaye shi ko zai taimaka ya zama na'urar yau. Na runtse ido. Ga mamakina sai ya miƙa wa hedimasta jakarsa ya tsaya a tsakiyar aji.

Yara suka ce ya yi taku uku, ya yi. Suka ce ya ƙara biyu, suka manta ba su ce ya juya ba. Mutumin nan ya tafi kai tsaye har gwiwarsa ta bugi benci, ya tsaya a wurin ƙiƙam yana jiran umarni. Ajin ya kwashe da dariya. Wata 'yar ƙarama ta miƙe ta ce ba laifinsa ba ne, su ne suka tsallake ɗaya, a koma farko. Suka sake, wannan karon suka kai shi ƙofa lafiya. Na ga yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Daga nan ya zaga sauran azuzuwan. Ya ga kwalayen aji uku, ya sa su nuna masa haruffa. A aji biyar muka kunna guda ɗayar nan mai caji, shi da kansa ya nuna wata ɗaliba daga layin baya. Ta zo ta zauna, ta nemo jadawalin ruwan sama, ta ƙara ranar a ciki ta adana. Ba a yi minti biyu da tashinta ba kwamfutar ta mutu.

A ofis ya karɓi shafi shidan nan ya karanta duka, a tsaye. Ya yi mini gyara biyu, ya ce abin da na sa wa aji huɗu ya yi yawa a zango ɗaya, kuma in rubuta abin da malami zai yi ranar da babu caji, tunda ga shi mun gani. Sannan ya ce kwamfutocin su zauna, kuma yana son kwafi ya kai wa wasu makarantu. Ina jin haka na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Da na koma gida na ci tuwo kwano biyu, na kwanta ban farka ba sai da aka kira la'asar. Mahaifiyata ta zaci korata aka yi daga aiki, har ta fara ba ni haƙuri.

Yau in na tuna, ba alfahari nake ji ba, sauƙi nake ji, irin na wanda aka tare shi kafin ya yi ɓarna. Na kusa ɓata wa yara shekaru shida don in nuna na yi karatu, kuma da na yi hakan, in ban da jami'in nan, ba wanda zai kama ni da wuri, don a takarda komai daidai yake. Waɗanda suka gyara mini aikin yawancinsu ba su san inda ake kunna kwamfuta ba, amma sun san yaran, ni kuwa ban tsaya na san su ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini tsarin karatu in duba masa, kafin in buɗe nakan tambaye shi ko ya zauna da malamin ajin. In ya ce a'a, sai in mayar masa da takardarsa, in ce ya je ya zauna da shi tukuna, ni ina nan ba inda za ni.