Agogon Alhaji da Uwar Garke

Ko zan manta sunan unguwarmu, ba zan manta da ranar da agogon Alhaji ya kusa kora ni ƙasar da ban taɓa takawa ba. A Jidda aka haife ni, a Karantina tun kafin a rushe ta, amma fasfona na Najeriya ne, zamana kuma a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama. A lokacin saura mata 'yan makonni ta mutu. Sabunta ta kuwa yana hannun kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, wani dattijon Bahaushe ɗan ƙasa da kowa ke kira Alhaji, mai kamfanin kargo a unguwar Ammariyya, wanda ke kwasar kayan alhazai yana aika musu gida.

Alhaji yana da wata cuta da ba ta jin magani. Duk agogon da ya shigo hannunsa sai ya tura shi gaba da kwata: na hannu, na bango, na mota, har na injin ɗumama abinci bai tsira ba. Hujjarsa ita ce mutanenmu ba sa zuwa a kan lokaci, don haka sai an yi musu dabara. Abin da bai sani ba shi ne duk ma'aikata sun gane, kowa sai ya cire kwatar a ransa ya zo a makare yadda ya saba.

Ni ne mai kula da kwamfutoci. Muna da rassa a Madina da Kano da Yamai, kowanne yana cin gashin kansa, kalmar sirri a manne jikin allo kamar laya. Na daɗe ina lallashin Alhaji kafin ya yarda in haɗa su. A ofishinmu akwai uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kaya, ita ce kuma mai gadin da ke tantance kowa kafin ya shiga. Na yi hayar wata mai gadin ta biyu a girgije, a injinan wani kamfani da ke can wata uwa duniya, sannan na shimfiɗa hanyar sirri ta intanet, wadda ake ce wa VPN, ta haɗa rassan da su biyun. Ma'aikacin Kano zai gaisa da ta girgije, ta ba shi shaida, ya nuna wa ta Jidda, ta buɗe masa kamar yana zaune kusa da ni.

Kuskuren tsarin ɗaya ne. Uwar garken a ofishin Alhaji take zaune, domin nan ne na'urar sanyi ba ta mutuwa, kuma ya karɓi kalmar sirrinta tun ranar farko. Cewa ya yi babu mukullin da zai kwana a kamfaninsa ba a aljihunsa ba.

Ranar buɗewa ta faɗo daidai da komawar alhazai, kaya jibge har bakin titi. Alhaji ya gayyato abokansa 'yan kasuwa, aka kawo gahawa da dabino, don su ga yadda yake juya ƙasashe uku daga kujerarsa. Ana cikin zuba gahawa wayata ta yi ƙara. Manajan Kano ne.

"Oga, sistem ɗin nan ya ƙi mu fa. Mun sa fasuwod har mun gaji."

Kafin in ajiye, Madina ta kira, ga motar kaya a tsaye, babu mai iya fitar da rasit. Yamai ma ta biyo baya. Alhaji ya ajiye kofinsa ya dube ni da murmushin da na fi tsoro.

"Ya waladi, fi mushkila? Ɗana, akwai matsala ne?"

"Ƙarama ce, Ammi." Haka nake kiransa da Larabci, wato Baffa.

"Tayyib, to madalla. In azahar ta yi abin nan bai tashi ba, halas, shi ke nan, ka je girgijen ya sabunta maka iƙama."

Baƙi suka yi dariya. Ni ma na taya su, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Amma matata da 'yata suna unguwar Sa'alaba, zamansu a rataye da nawa yake, ni kuwa Kano a waya kawai na san ta.

Na duba hanyar sirri, lafiya lau. Na duba ta girgije, tana ba da shaida. Ta Jidda ce ke mayar da kowa kamar mai gadin da aka hana shi shayi. Sai idona ya sauka a kusurwar allonta: sha ɗaya da kwata. Wayata kuwa sha ɗaya daidai. Dokar waɗannan injina ita ce, in agogo biyu suka saɓa da fiye da minti biyar, to shaidar ta jabu ce.

Na ce a hankali, "Ammi, ko wani ya taɓa agogon nan?"

Ya gyara zama cike da alfahari. "Ni na gyara ta da safe. Latti take yi."

"To ko za a ɗan mayar da shi?"

"A mayar da wa? Tun ba a haife ka ba nake kan wannan lokacin. Ni zan bi akwati? Yalla, yi aikinka."

Nan fa ake yin ta. In na yi masa bayani a gaban baƙi, na ci gardama na rasa iƙama. In na mayar a ɓoye, allon yana gabansa, zai sake turawa kafin la'asar. Ina tsaye gumi na tsiyaya a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, sai wani abu ya faɗo mini. Injinan nan ba su taɓa tambayar wane agogo ne mai gaskiya ba, su dai bakinsu ya zo ɗaya.

Na zauna na shiga ta girgije, na hana ta karɓar lokaci daga duniya, na ce ta bi ta Jidda. Na tura wa kwamfutocin rassa umarni su bi sahu. Haka na ɗauki Madina da Kano da Yamai na cilla su gaba da kwata. Can sai wayar Kano ta shigo: "Oga, ya buɗe!"

Alhaji ya tambayi abin da ya faru. Na ce agogon girgije ne bai yi daidai da nasa ba, kuma ban yi ƙarya ba. Ya juya ga baƙinsa yana shafa gemu.

"Kun ji ko? Har girgijen ma latti yake yi."

A makon ya sabunta mini iƙama, har da ta iyali. Ranar da na karɓa na zauna a mota na yi hawaye, rabi farin ciki, rabi takaicin karatun da na yi. Har yau kamfanin yana gaba da duniya da kwata, ma'aikatan Kano kuma sun koyi cirewa, suna zuwa a makare kamar kowa.

Abin da na koya shi ne, wanda iƙamarka take hannunsa shi ke faɗin ƙarfe nawa. In ya ce sha ɗaya da kwata, ka ce na'am, Ammi. Sai dai ka riƙe lokacin gaskiya a aljihunka, don kada ka yi salla kafin ta yi.