Bargon Inna a Kan Lailak

A shekarata ta uku ina karatu a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, matar da ta ba ni hayar ɗaki ta bar mini wata shuka a tukunya. Lailak ake ce mata. Ga nawar girma, ga rowar fure, ganye kawai take yi, amma mai gidan ta rantse furenta ya fi turare ƙamshi. Sharaɗinta ɗaya: sai ta sha sanyi sosai kafin ta yi fure, kuma sanyin Alƙahira bai cika isarta ba. Don haka da hunturu a baranda take zama, ina zuba mata ƙanƙara a gindi.

Ni kuma da shegen cika baki, duk wayar da na yi gida sai na kawo zancenta. Da aka shirya Inna za ta zo a cire mata yanar ido, har alkawari na yi: idanunta na buɗewa za ta ga furen.

Ni ce 'yar farin Inna. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta tambayata ko na ci abinci, sai dai ta tambayi ƙanwata ta waya, alhali ni da Innar muna ɗaki ɗaya. Haka muka taso, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Wata safiya bayan Inna ta iso, na tarar da tukunyar a tsakar ɗaki, kusa da hitar ɗumama ɗaki, an naɗe ta da bargo.

"Wane marar tausayi ne yake zuba wa abu mai rai ƙanƙara?" in ji Inna, tana kallon bango.

"Inna, ita sanyin take so."

"Babu abin da yake son sanyi."

Daga nan, in zan tafi makaranta in fitar da ita, in na dawo in same ta a ciki, har an ba ta sauran ruwan ɗumin alwala. Haushi ya ishe ni, amma kunya ta hana ni sake magana.

Sanyi ya wuce, idanun Inna suka warke, lailak ta cika da ganye. Mai gidan ta hawo sama, ta shafa rassan, ta hango hita da bargo, sai ta dafe kai.

"Khalas, shi ke nan, sai baɗi! Wa ya dafa ta haka?"

Ta yi ta faɗa da Larabci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma Allah ya sani kunyar ƙauyancin Inna nake ji. Inna ba ta jin Larabci, amma ta gane. Ta ɗauki bargon tana ninkewa, sai a lokacin na lura ba tsohon da ke cikin kwaba ba ne. Nata ne, wanda na saya mata. Ashe duk hunturun da zannuwa take rufa, ni kuma ina ɗora tarinta a kan ƙurar gari.

Bayan mai gidan ta sauka, Inna ta ce, ba ta dube ni ba:

"Na ji ana yawan zancenta a waya. Na ce abin da ake so haka, kada sanyi ya kashe shi ina gidan."

Ta koma gida ba ta ga furen ba. Da hunturu ya zagayo na sayo ƙanƙarar, na tsaya a baranda da ita a hannu har ta narke.